Nazari a Kan Ciwon Maƙogwaro Mai Tsanani Ga Matasa: Gane Shi da Maganinsa

Gabatarwa

Da wuya a sami mutumin da ya kai munzalin balaga bai taɓa yin ciwon maƙogwaro ba. Ciwo ne da Bahaushe bai ɗauke shi a bakin komai ba, musamman in ya zo da hunturu, lokacin da ƙura ke cika gari, mura kuma ta bi gida-gida. In saurayi ya wayi gari yana haɗiyar yawu da ƙyar, abin da za a ce masa bai wuce sanyi ne ya kama shi ba, sai a dafa masa citta da kanumfari a zuba zuma ya sha da ɗumi. Galibi kuwa masu faɗin haka suna da gaskiya, domin kafin mako ya zagayo ciwon ya wuce. To amma a cikin wannan taro na masu ciwon akwai 'yan kaɗan waɗanda nasu ba na jira ba ne, kwana biyu ko uku na jinkiri suna iya zama sanadin rasa rai ko lalacewar zuciya. Wannan maƙala za ta duƙufa ne a kan waɗannan 'yan kaɗan, musamman matasa daga shekara 15 zuwa 30, domin a fito da alamun da ke bambanta nasu ciwon da na sauran jama'a, da kuma irin maganin da kowanne ke bukata.

Sunayen ciwon a bakin Bahaushe

Kafin a shiga batun likitanci, ya kamata a dubi kalmomin da ake kiran ciwon da su, domin sunan da aka ba cuta shi ke nuna ƙofar da za a nufa neman magani. In aka ce "ciwon maƙogwaro" ko "ciwon wuya", wurin da ke ciwo kurum aka ambata. In aka ce "mashaƙo", abin da ciwon ke yi wa mutum aka faɗa, domin ga dukkan alamu kalmar 'yar'uwar "shaƙe" ce. In kuwa aka ce "beli ne" ko "hakin wuya ne", to an riga an yanke hukunci, an ɗora laifi a kan ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganda, kuma wanda aka ce beli ke damunsa gidan wanzami ake kai shi. Hangum kaɗai ne ya sami sunansa na kansa, saboda kumburinsa a fili yake a ƙasan kunne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ya faɗi abin da ya haddasa ciwon. Wannan ba aibi ba ne ga harshen, domin haka sunayen cututtuka suke a bakin jama'a a ko'ina kafin a ƙera madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta. Illar kawai ita ce cututtuka huɗu ko biyar masu hali daban-daban sun shiga riga ɗaya, alhali Hausawa da kansu sun ce kama da wane ba ta wane.

Bairos da bakteriya

Ƙwayoyin cutar da ke kama maƙogwaro kashi biyu ne. Kashi na farko su ne bairos, waɗanda ke kawo mura, kuma su ne ke da alhakin mafi yawan ciwon maƙogwaro. Ana gane nasu da rakiyar da yake zuwa da ita, watau tari da majina da atishawa da dushewar murya, wani lokaci har da jan ido. Magungunan kashe bakteriya, irin su fenisilin da amoksisilin, ba su yi wa bairos komai, saboda haka wanda ya sha su a kan mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma koya wa sauran ƙwayoyin da ke jikinsa jure wa magani. A nan ne citta da zuma, da kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi, da farasitamol suke da amfani, domin suna rage zafi har jiki ya gama yaƙinsa.

Kashi na biyu su ne bakteriya. Nasu ciwon ya fi ƙaranci amma ya fi haɗari, kuma uku daga cikinsu ne suka shafi wannan nazari.

Sitireptokokas da alamu huɗu

Wadda ta fi shahara ita ce sitireptokokas ta rukunin A, bisa rabon da masaniyar nan ta Amurka, Rebecca Lancefield, ta yi wa dangin wannan ƙwaya a 1933. Tana yaɗuwa ta ɗigon yawu da majina, kuma tana ɗaukar kwana 2 zuwa 5 kafin ta bayyana. Cunkoso shi ne abokinta, shi ya sa ɗakunan kwanan ɗalibai da barikin soja suke wuraren da ta fi samun gindin zama. A cikin yara ita ke haddasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ciwon maƙogwaro, a cikin manya kuwa kashi 5 zuwa 15.

A 1981 wani likita a Amurka, Robert Centor, tare da abokan aikinsa suka fitar da alamu huɗu waɗanda har yanzu ake koyar da su. Ta farko zazzaɓi, wanda ma'aunin zafin jiki zai nuna ya haura 38. Ta biyu farin abu kamar mugunya a kan tonsil, watau tsokar nan guda biyu da ke dama da hagu a bakin maƙogwaro. Ta uku kaluluwa mai zafi a gaban wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta huɗu ita ce wadda mutane suka fi mamaki, watau rashin tari. Mutum zai zaci tari ƙarin tsanani ne, alhali a wannan fage tari da majina bushara ce, domin suna nuni ga bairos. Maƙogwaron da ya kama da zafi farat ɗaya, ga zazzaɓi, hanci kuma a bushe, shi ne abin tuhuma. Wanda ke da alama ɗaya ko ba shi da ko ɗaya, da wuya ya bukaci maganin bakteriya. Wanda ke da uku ko huɗu ya kamata ya ga likita, inda in akwai kayan aiki za a goga auduga a maƙogwaronsa a kai ɗakin gwaji.

Ko da alamun sun cika huɗu ba su zama tabbaci ba. Akwai bairos da ke kwaikwayon wannan hoto sak, har da farin abin a kan tonsil. Haka kuma a ƙasar nan dole ma'aikacin lafiya ya tuna da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lasa na Borno a 1969, domin shi ma yakan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro mai tsanani.

Maganin sitireptokokas bai canza ba tun da fenisilin ya shiga hannun likitoci a shekarun 1940, kuma abin mamaki ne cewa har yau wannan ƙwaya ba ta koyi jure masa ba. Ana ba da fenisilin na sha ko amoksisilin na tsawon kwana 10, ko kuwa a yi allura ɗaya tak ta fenisilin mai daɗewa a jiki, wadda ma'auninta ga baligi yunit 1,200,000 ne. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin akwai madadinsa, kuma wajibi ne ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta. Bayan kwana ɗaya da fara magani majinyaci yakan daina yaɗa cutar, bayan kwana biyu ko uku kuma zafin ya kwanta.

A nan ne babbar matsala take. Abin da aka saba gani shi ne saurayi ya je kyamis ya ce a ba shi kafso gwargwadon kuɗin da ke aljihunsa, ya sha na kwana biyu, da ya ji ya iya haɗiyar tuwo sai ya ajiye. Kwanaki goman nan kuwa ba don maƙogwaro aka yanke su ba, domin maƙogwaron zai warke ko da ba a sha komai ba. An yanke su ne domin zuciya. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon, garkuwar jikin wasu mutane takan ruɗe, ta kasa bambanta ƙwayar cutar da naman jikin mai ita, sai ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, gobe ta saki ta koma idon sawu, ga zazzaɓi. Gaɓoɓin sukan warke sarai, amma tabon da ya zauna a ƙofofin zuciya ba ya gogewa. Kamun farko ya fi faruwa tsakanin shekara 5 zuwa 15, amma yana maimaituwa, kuma a lokacin samartaka ne ɓarnar ke fitowa fili: saurayi ya riƙa haki in ya hau bene, ko matashiya ta ɗauki cikin fari zuciyarta ta kasa ɗaukar nauyin. Ƙididdigar duniya ta 2015 ta nuna mutum wajen miliyan 33 ne ke ɗauke da irin wannan ciwon zuciya, kuma ya kashe kimanin 319,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta.

Hujjar cewa fenisilin yana tare wannan masifa daga matasa aka samo ta. A 1950 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan samarin sojoji a wani sansanin mayaƙan sama da ke jihar Wayomin ta Amurka, inda aka ga waɗanda aka yi wa allurar sun tsira daga ciwon gaɓoɓin fiye da waɗanda ba a yi wa ba nesa ba kusa ba. Daga baya aka tabbatar da cewa ko an fara maganin a cikin kwana 9 da soma ciwon, kariyar tana nan. Ke nan wanda ya jira kwana ɗaya don a yi masa gwaji bai yi asara ba, wanda ya yanke magani a tsakiya shi ne ya yi.

Maruru a gefen tonsil

Wani lokaci ciwon yakan ratsa tonsil ya tara mugunya a bayanta. Wannan maruru ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru, kuma alamunsa ba su ɓuya ga wanda ya san su. Zafin yakan tattare a gefe ɗaya, har ya harba zuwa kunnen wannan gefe. Baki ya ƙi buɗuwa sosai, domin tsokar muƙamuƙi ta ɗaure. Yawu ya riƙa dalala saboda haɗiya ta gagara. Murya ta toshe, mutum ya riƙa magana kamar wanda ya cika bakinsa da dankali mai zafi, numfashinsa kuma ya yi wari.

Akwai wata alama da ta cancanci a tsaya a kanta, saboda ita ce ke kai mutane gidan da bai dace ba. In aka leƙa bakin mai wannan maruru, za a ga belinsa ya kumbura, ya karkace zuwa gefen da ba ya ciwo, domin mugunyar da ta taru ce ke tura shi. Wanda bai san abin da ke bayan labule ba zai ce ga mai laifi nan an kama shi. Wanzamai kuwa, waɗanda sana'arsu ta haɗa da aski da ƙaho da kaciya da cire belin jarirai, sun gāji cewa belin da ya kumbura cire shi ake yi, kuma sukan yi wa manya ma in ciwon wuya ya dame su. Ba a musun gwanintar hannun wanzami a abin da ya gada, amma a wannan hali an yanke wanda aka tura ne an bar wanda ya yi turin. Mugunyar tana nan inda take, an kuma ƙara mata sabon rauni a wurin da ke cike da ƙwayoyin cuta. Ga haɗarin zubar jini, ga tetanus mai sarƙe haƙora, ga ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki in an yi amfani da ƙarfe ɗaya ga mutane da yawa. Daɗin daɗawa, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ba ta fi 'yan santimita kaɗan daga bayan tonsil ba, saboda haka tsaga marurun da aska a gida wasa ne da rai.

A asibiti likita yakan kashe zafin wurin, ya zuƙe mugunyar da allura ko ya ɗan tsaga ta fita, sa'an nan ya biyo da maganin bakteriya, a kuma ƙara wa majinyaci ruwa in ya kwana biyu bai iya sha ba. Sauƙin da ke biyo baya yakan zo nan da nan.

Cutar da aka manta

A 1936 wani likita Bafaranshe, Andre Lemierre, ya bayyana labarin majinyata 20 waɗanda ciwonsu ya fara daga maƙogwaro ya shiga jini, 18 daga cikinsu suka mutu. Da fenisilin ya yawaita sai cutar ta yi ƙaranci har aka riƙa yi mata laƙabi da "cutar da aka manta", amma ba ta ɓace ba. Ita ce ta fi dacewa da taken wannan maƙala, domin akasarin waɗanda take kamawa matasa ne masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba su da wani ciwo a da.

Ƙwayar da ke haddasa ta ana kiranta fusobakteriya, kuma tana rayuwa ne inda iska ba ta kaiwa. Daga tonsil takan kutsa cikin naman wuya har ta iske babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai. A nan jini ya daskare ya zama gudaji mai cike da ƙwayoyin cuta, gudajin ya riƙa gutsurewa yana bin jini zuwa huhu, wani lokaci har gaɓoɓi da hanta. Abin lura shi ne tsarin kwanakin. Ciwon maƙogwaro na yau da kullum yakan fara sauka daga kwana na uku ko na huɗu. Wannan kuwa a daidai lokacin, ko bayan mako guda, yake juyawa, wani lokaci ma bayan maƙogwaron ya yi kamar ya warke. Sai zazzaɓi mai zafi ya dawo da makyarkyata irin wadda ke kaɗa gado, gefe ɗaya na wuya ya kumbura ya yi zafi daga ƙasan muƙamuƙi zuwa ƙasa, daga nan ciwon ƙirji da haki su biyo baya.

A ƙasar Hausa duk zazzaɓin da ya zo da rawar ɗari sunansa zazzaɓin cizon sauro, in ya ƙi jin magani a ce taifot ne. Ta haka ake iya cinye mako guda ana maganin abin da ba shi ne ba. Saboda haka matashin da ya yi ciwon maƙogwaro a cikin makonni biyu ko uku da suka wuce, sa'an nan irin wannan zazzaɓi ya kama shi, lalle ne ya ambaci maƙogwaron ga likita ko da ba a tambaye shi ba, domin wannan 'yar magana ita ce za ta sa a ɗauki hoton jijiyar wuya, a kuma shuka jininsa a ɗakin gwaji. Maganin na kwanciya asibiti ne, ta jijiya ake fara ba da shi, galibi dangin fenisilin haɗe da metronidazol, kuma yakan ɗauki mako 3 zuwa 6. Eritromaisin da danginsa, waɗanda ake yawan saya don ciwon wuya, sau da yawa ba su kama wannan ƙwaya.

Ita kanta fusobakteriya ba baƙuwa ba ce a maƙogwaron matasa. A wani bincike da Centor da abokan aikinsa suka buga a 2015, wanda aka yi a asibitin ɗaliban wata jami'a a jihar Alabama, an same ta a maƙogwaron kusan ɗaya cikin biyar na ɗalibai 312 da suka zo da ciwon, watau ninki biyu na waɗanda aka samu da sitireptokokas ta rukunin A. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin irin waɗannan cutar ke shiga jininsu, amma binciken ya nuna cewa gwajin da ya ce babu sitireptokokas bai wanke maƙogwaron matashi ba in ciwon yana ƙaruwa.

Mashaƙo

Tun da annobar difteriya ta ɓarke a Nijeriya a ƙarshen 2022, wadda jihar Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta kuma taɓa yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar a 2023, kafofin watsa labarai na Hausa suka tsayar da kalmar mashaƙo a kan wannan cuta. Sunan ya dace da ita. Ƙwayarta takan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a kan tonsil da maƙogwaro, wadda ke manne ƙam, in aka yi ƙoƙarin kankare ta sai jini ya fito. Wannan ne bambancinta da farin abin sitireptokokas, wanda ke goguwa. Fatar tana iya sauka ta toshe hanyar numfashi. Wuya yakan kumbura dama da hagu har ya yi kama da na bijimi, zazzaɓin kuwa sau da yawa ba mai zafi ba ne, abin da ke sa a raina ciwon.

Yara ne suka fi yawa a cikin waɗanda ta kama, amma saurayi ko budurwar da ba a yi wa rigakafi a ƙuruciya ba ba su tsira ba. Haɗarinta na biyu dafi ne da ƙwayar ke saki cikin jini, wanda ke raunana tsokar zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, ya kuma shanye jijiyoyi, har ruwan da mutum ya sha ya riƙa fitowa ta hanci. Maganin bakteriya yana kashe ƙwayar amma ba ya karya dafin. Mai karya shi wani ruwan magani ne daban, wanda aikin Emil von Behring na Jamus ya samar, har ya sami kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Wannan makari yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai, wanda ya riga ya shiga naman zuciya ya fi ƙarfinsa, shi ya sa likita ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya ba da shi. Ko da an yi magani, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar sukan rasu.

Ana keɓe majinyaci, a ba shi fenisilin ko eritromaisin na kwana 14. Waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi, ko suke ci a kwano ɗaya, su ma ana ba su maganin kariya, a yi musu allurar rigakafi, a kuma sa musu ido har mako guda ko fiye. Shi kansa wanda ya warke sai an yi masa rigakafin kafin a sallame shi, domin kamuwa da mashaƙo ba ta tabbatar wa mutum cewa ba zai sake kamuwa ba.